Zabda Majemi da Tabarma Biyu

Yayana Zabda majemi ne, ɗan majemi, jikan majemi. A Antakiya ba sai an gaya maka sana'arsa ba, hancinka zai riga idonka sani. Unguwarmu tana can ƙasa bayan ganuwa, inda kogi ya gama wanke gari ya kwaso dattinsa. Nan aka ce majema su zauna don kada iska ta kai wa masu gari warinmu. Su sa takalmin fatarmu, su yi ɗamara da ita, su zuba ruwan inabi a salkarmu, amma in ka miƙa musu hannu sai kowa ya tuna yana da abin riƙewa.

Ni ce Akmi, ƙanwarsa. Mijina ya mutu da wuri, matarsa ita ma ta mutu ba ta bar masa ɗa ba, sai muka haɗa tukunya ɗaya. Shi ƙato ne mai sanyin hali, in an zage shi sai ya sosa ƙeya ya wuce. Bakin gidanmu duk ni na kwashe, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba.

Hannunsa nake so a sani, don labarin duk a hannun yake. Shekara hamsin yana tsoma shi a ramin farar ƙasa, da ruwan kashin kare da ake laushin fata da shi, da jiƙon ɓawon rumman. Daga yatsu har gwiwar hannu ya rine ya yi baƙi, faratan sun tsattsage. Wari kuwa ya shige fata ya zauna. In ba majemi ɗan'uwansa ba, ba wanda ya taɓa sa hannu a akushi ɗaya da shi.

Sai ranar da Yo'ezar ya zo. Bayahude ne, masaƙi, siririn mutum mai tsabta, ya sauko unguwarmu neman igiyar fata ta masaƙarsa. Ya tarar da Yaya a gindin bango yana cin faten wake da gurasa. Yaya ya ce masa, "Zo mu ci," irin tayin nan da ake yi wa mai wucewa don fita kunya, wanda ba a sa ran a amsa.

Yo'ezar ya leƙa akushin. "Ba nama ciki?"

"Ina majemi ya ga nama? Fatar kawai ake kawo mana."

"To matsa mini."

Ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa, ya gutsuri gurasa ya tsoma daidai inda Yaya ya tsoma. Ina daga bakin murhu ina kallo. Yaya ya daina ci, loma a hannu, baki buɗe. Daga baya 'yan'uwa suka riƙa cewa wa'azi ne ya jawo Zabda. Ni ina wurin, loma ce ta jawo shi, wa'azin daga baya ya zo.

Ta haka muka san taron da ake yi a gidan Yo'ezar kowace Lahadi da yamma, taron masu bin Almasihu. Akwai Yahudawa, akwai irinmu da suke kira al'ummai, wato duk wanda ba Bayahude ba. A shimfiɗa tabarma ɗaya doguwa a babban ɗaki, a yi addu'a, a gutsura gurasa, a ci tare. Kafin shekara ta zagayo aka yi mana baftisma a kogi, ni da Yaya.

Ba a kyauta ya shiga ba. Majema suna da bikinsu na shekara, su yanka rago don ubangijin kogi, su zauna su ci naman tare. Yaya ya ce shi ya daina. Malku, babban majeman unguwa, wanda tare suka yi wasan ƙasa, ya tsaya a ƙofarmu yana ɗaga murya.

"Zabda, akushin ubanka ka bari? Don ɗan masaƙi ya lashi wakenka? Je ka, mai sabbin dangi! Ranar da suka toshe hanci ka dawo, amma ka zo da naka ragon."

Yaya ya sosa ƙeya. Ni na rama masa, har da ƙari.

Shekara tara muka yi a haka, kuma ba zan yi ƙarya ba, shekaru ne masu daɗi. Ranar Lahadi tun rana tana tsaka Yaya yake barin aiki, ya zauna da toka da man zaitun da ganye mai ƙamshi, yana dirzar hannu har ya yi ja ya fara ɗayewa. Nakan ce, "Yaya, in ka ƙara kaɗan sai mu jeme ta mu sayar." Ya yi dariya ya ci gaba. A wurin taro kullum kusa da Yo'ezar yake zama, akushinsu ɗaya. Don kunya daga gefe yake ci, inda ba komai sai romo. Yo'ezar kuwa sai ya yi kamar yana gyara zaman akushin, ya juya shi, gefen da ɗan kifin yake ya koma gaban Yaya. Shekara tara yana wannan juyin, ba wanda ya taɓa cewa uffan a kai.

Mai koyar da mu al'ummai shi ne Malam Aristo, Baheleni, wanda a da yake karantar da 'ya'yan masu gari. Magana a bakinsa kamar ana warware zare. Abin da ya fi so ya faɗa shi ne Allah ya zaɓi nasa tun fil azal, ba don aikinsu ba, ba don danginsu ba. Wata rana ya nuna Yaya a gaban kowa ya ce, "Kai Zabda, tun kafin a haƙa kogin nan aka san sunanka, aka zaɓe ka."

A hanyar gida ƙafar Yaya ba ta taɓa ƙasa. "Akmi, kin ji? Ni fa! Da warin nan da komai!"

Na ce, "Na ji. To Innarmu fa? Ita da ta mutu ba ta taɓa jin sunan Almasihu ba, an manta da nata sunan ne?"

Ya sosa ƙeya. Da na kai wa Malam Aristo tambayar sai ya ce wannan ba hurumin ɗan Adam ba ne. Tun daga ranar na lura da shi, abin da ya sani yakan faɗa da ƙarfi, abin da bai sani ba ma da ƙarfi yake rufe shi.

A shekara ta goma Matitiya, wani Bayahude mai bin Almasihu, ya zo daga Urushalima. Na so in tsane shi, ya ƙi tsanuwa. Mutum ne mai yawan azumi, ga tabo a goshi. Labari ya kai can cewa a Antakiya Yahudawa masu bin Almasihu suna cin abinci da marasa kaciya, saboda haka aka tare shi da ƙanensa a kasuwa aka lakaɗa musu duka, ƙanen har yau da sanda yake tafiya. Ya ce wa Yahudawan taronmu, "Ku kuna nan kuna cin daɗi, mu muna can muna shan dukan. Dokar kakanninmu ba ta mutu ba. Ku ji tausayinmu."

Lahadin da ta biyo muka iso, hannun Yaya ja wur, muka tarar da tabarma biyu. Ɗaya a ɗaki inda aka saba, ɗaya a tsakar gida kusa da kwata. Yo'ezar ya tare mu a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da Yaya.

"Ɗan'uwa, na 'yan kwanaki ne. An tura mutum biyu Urushalima su tambayo manya. Da sun dawo shi ke nan."

"Warin ne?" in ji Yaya. "Ka faɗa mini gaskiya. Zan ƙara toka."

"Haba, Zabda! Ba wari ba ne."

Da ma warin ne, da ya san abin yi. Muka zauna a tsakar gida tare da sauran al'ummai. Gurasa ɗaya ce, amma sai a gutsura ta a ɗaki a miƙo mana namu a faifai. Muna jin waƙarsu, suna jin tamu, ba ma tashi tare ba ma saukewa tare. Yaya ya zauna inda zai hangi bayan Yo'ezar ta ƙofa, bai ci loma uku ba.

'Yan kwanaki suka zama wata bakwai, masu zuwa Urushalima shiru. Yaya ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Bai daina dirzar hannu ba, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Wata yamma bayan taro ya tsare Malam Aristo, ina tsaye kusa.

"Malam, ka ce an zaɓe ni tun fil azal. To a waje aka zaɓe ni, ko a ɗaki?"

"Tabarma ba komai ba ce, Zabda. Su ne ke cikin kuskure. Kai dai ka tsaya inda kake, zaɓaɓɓe ba ya gushewa."

"To ta yaya zan san ina cikinsu?"

"Ba a sani sai ƙarshe. Wanda ya tsaya har ƙarshe, da ma yana ciki. Wanda ya juya, da ma bai taɓa shiga ba."

"Amma da ka ce ka sani."

Malam Aristo ya gyara mayafinsa ya ce ana jiransa.

Sai Yaya ya tafi wurin Matitiya. Shi bai yi masa kwana-kwana ba. "Dattijo, Allah ya zaɓi zuriyar Ibrahim, amma bai rufe ƙofa ba. Ka yi kaciya. In ka warke ka yi wankan shiga a gaban shaidu uku. Daga ranar kai ɗan gida ne, ni da kaina zan matsa maka a tabarma."

Da safe muna karyawa ya gaya mini ya yanke shawara. Na dire ludayin.

"Shekara sittin da uku! Abin da ake yi wa jariri ɗan kwana takwas za ka je ka miƙa wa wanzami da furfurarka? Ka haukace ne, Yaya?"

"Ki rage murya, maƙwabta."

"Su ji! Gara su ji daga bakina kafin su ji daga naka in wuƙa ta hau. Ka jira masu zuwa Urushalima mana."

"Wata bakwai, Akmi."

"Ka ƙara bakwai. Me zai cinye ka?"

Ya miƙa hannu ya jawo wata fatar akuya da ke shanye a kan igiya, ya nuna mini wuyanta, inda aka yi tsaga biyu da ɗigo. Haka muke yi a jima. Fata in ta shiga rami gashinta ya zube, duk kamarsu ɗaya, don haka kafin a tsoma kowa ana yanka alamar mai ita a wuya.

"Wannan ta wa ce?" ya ce.

"Ta mutumin nan mai sayar da mai. Sai me?"

"Ta yaya kika sani?"

"Ga alama nan."

"To in ta fito daga rami ba alama fa?"

Na san amsar. Fatar da ba alama ba ta kowa ba ce, a gefe ake jefa ta.

"Malam Aristo ya ce ba a sani sai ƙarshe," in ji shi. "Ni ba mai karatu ba ne. Ni dai na san abin da aka sa wa alama ba ya ɓata. Kuma ba sama nake nema da wuƙa ba, Akmi, wannan na bar wa Mai sama. Wurin zamana nake so a mayar mini."

Na ja mayafi na haura gidan Yo'ezar. Na same shi a kan masaƙa. Na ce, "Abokinka zai kashe kansa saboda kai. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa. Ka ce masa kada ya yi."

Bai tsayar da ƙoshiya ba. "Ta yaya zan hana mutum shiga alkawarin kakannina? In na ce kada ya yi, me zan gaya wa Matitiya?"

"To ka fito tsakar gida ka ci da shi, sau ɗaya tak."

"Akmi, ki fahimce ni. 'Yata tana aure a Urushalima."

Na fahimce shi, shi ya sa har yau ban yafe masa ba. Wanda bai ji tsoron zama a ƙasa a unguwar majema ba, ya kasa taku goma daga ɗakinsa zuwa tsakar gidansa.

Aka yi abin da hantsi, a gidan wanzaminsu. Yaya bai yi ko tari ba, aka ce. Wanzamin ya ce ya kwanta kwana goma sha huɗu, kada ya kusanci datti. Wanzamin bai san jima ba. Akwai fatun mutane a ramin farar ƙasa, kuma fata in ta wuce kwananta a ciki narkewa take yi. Sauran majema ba mai taɓa ramin wanda ya ƙi ragonsu. Ni na gwada, ƙarfina bai kai ba. Ranar kwana na biyar na dawo daga ɗibar ruwa na same shi tsaye a rami, ruwan ya kai masa cinya, yana fiddo su ɗaya bayan ɗaya.

"Amanar mutane ce," ya ce, kafin in buɗe baki.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya rufe shi. Wurin ya kumbura ya yi baƙi, kumburin ya hau ciki. Na kira mai magani, na kira wanzamin, kowa ya duba ya girgiza kai. Ranar kwana na goma sha ɗaya da tsakar rana ya buɗe ido, hankalinsa ya dawo sarai.

"Yau wace rana?"

Talata ce. Na ce, "Lahadi."

"Kawo tokar."

Na kawo toka da mai da ganyen. Ba ya iya ɗaga hannu, sai ni na dirza masa, yatsa bayan yatsa. Ya ce, "Ki shiga tsakanin faratan." Ina cikin hannun hagu ya cika.

Lokacin zafi ne, gawa ba ta jira. Na rufe shi da zane na fita neman inda za a sa shi. Yahudawan taronmu suna da kogon binnewa a gindin dutse, don haka na fara da Matitiya. Da ya ji, ya kama wuyan rigarsa ya yage, ya yi hawaye na gaske. Sannan ya ce, "Bai yi wankan shiga ba."

"Ya za a yi ya yi, bai warke ba?"

"Na sani. Amma sai da wankan abin yake cika. Saura ƙiris, wallahi saura ƙiris. Kogon ba nawa ba ne ni kaɗai, ƙasusuwan iyayen mutane ne a ciki."

"An tsoma shi a kogi shekara tara da suka wuce, da sunan Ubangijin da kai ma kake kira."

"Wannan daban ne, 'yar'uwa."

Na juya na nufi wurin Malam Aristo. Mu al'ummai muna da ɗan fili da wata mai hali ta bayar don binne namu. Na same shi a inuwa yana cin ɓaure. Ya saurare ni har na gama, ya goge baki.

"Na gargaɗe shi, ke shaida ce. An ba shi alheri kyauta, ya ce bai isa ba sai ya ƙara da wuƙa. Ƙarshensa ya nuna abin da yake tun farko. Da yana cikin zaɓaɓɓu da bai juya ba."

"Kai ne ka nuna shi da yatsa ka ce an san sunansa tun kafin a haƙa kogi."

"Ido yana kuskure. In muka sa shi a filinmu yau, gobe mutum goma za su bi layin wanzami, su ce ai ba laifi. Dole in tsare sauran."

Abin da na gaya masa ba zan maimaita ba, amma 'yan unguwarsu sun fito kallo. Na sauko gida. Ba tsuntsu ba tarko: ga alama an yanka masa, amma masu alamar sun ce ba ta cika ba, marasa alamar sun ce ita ta fitar da shi.

Na tarar da Malku a ƙofarmu da majema shida, sun riga sun kawo makara. Ban aika musu ba. Shekara tara rabon da ya yi wa Yaya magana in ba gatse ba. Ya dube ni, ya ga fuskata, bai tambayi komai ba.

"Sun toshe hancin ke nan," ya ce. "Matsa, Akmi. Namu ne ko ya ƙi. Ji warinsa mana."

Suka yi masa yadda ake yi wa iyayenmu. Suka sa masa ɗan kuɗin tagulla a baki na haye kogin matattu, suka tsiyaya ruwan inabi a ƙasa suna kiran sunayen da shi ya daina kira. Na san da yana gani da ya hana. Ban hana ba. Wanda ya ɗauki gawarka shi ke da ta cewa.

Yo'ezar ya zo, ban ce bai zo ba. Ya kawo likkafani saƙar hannunsa, fari tas, irin wanda ake saƙa wa masu gari. Da ya hango ana tsiyaya ruwan inabi sai ya tsaya a bakin makabartar majema, ya ajiye shi a kan dutse, yana kuka kamar yaro. Malku ne ya je ya ɗauko. A ciki muka naɗe shi.

Kwana goma sha tara da binne shi, masu zuwa Urushalima suka dawo. Manya sun yanke magana: al'ummai ba sai sun yi kaciya ba, a ci tare. Aka aiko mata biyu su kira ni. Na so in ƙi, sai na ce bari in je in ga ihu bayan hari da idona.

Tabarma ɗaya ce doguwa a ɗaki, kamar ba a taɓa raba ta ba. Ana rungumar juna. Matitiya ya ce tunda manya sun faɗa, shi ya bi, ya zauna kusa da Malam Aristo suka tsoma gurasa a akushi ɗaya. Aka zaunar da ni kusa da Yo'ezar, a wurin Yaya. Ɗaya daga cikin mutum biyun da aka tura yana ta ba da labarin tafiya, sai na katse shi.

"Yaushe aka yanke maganar?"

"Wata biyu ke nan, 'yar'uwa."

"Hanyar kwana nawa ce?"

"Ashirin, in mutum bai tsaya ba. Mu kuwa kowane gari sai an riƙe mu, ana murna, ana yanka mana kaji. Wani wurin sai da muka yi mako!"

Aka yi dariya. Ni na yi lissafina a zuci. Da sun zo kai tsaye, da sun iso kwana goma kafin Yaya ya shiga gidan wanzami.

Malam Aristo ya miƙe ya ɗaga hannu, ya gode wa Allah wanda tun fil azal ya nufa biyun nan su zama ɗaya, wanda komai nasa a kan lokaci yake. Aka ce amin. Sai na ga hannun Yo'ezar ya miƙo a hankali, ya yi kamar yana gyara zaman akushin, ya juya shi. Gefen kifin ya dawo gabana.

Na ce, "Malam Aristo."

Kowa ya juyo, don sun san bakina.

"Yanzu da aka haɗa tabarma, Yaya yana ciki ko yana waje?"

Ya yi gyaran murya. "Allah ne masani, 'yar'uwa."

"Yau Allah ne masani. Ranar da gawarsa ke kumbura a ɗaki, kai ne masani."

Na dubi Matitiya, ya sunkuyar da kai. Na sa hannu biyu na ɗauki akushin dungum, da waken da kifin, na miƙe na fita. Na ji Yo'ezar ya kira sunana sau ɗaya. Bai biyo ni ba.

Shekara huɗu ke nan. Taron ya ƙaru, an ce har gidan Yo'ezar ya yi musu kaɗan, kuma sababbin shiga ba su ma san an taɓa shimfiɗa tabarma biyu ba. Malam Aristo yana cewa ni ma ƙarshena ya nuna. Majema kuwa sun ɗauka na koma addinin iyaye, don suna ganina ina kai abinci makabarta. Duk na bar su da zatonsu. Ni ban bar Almasihu ba, ina kiransa safe da yamma, kuma ina da tambayoyin da nake tara masa, har da ta Inna.

Akushin yana nan, ban mayar ba, ba a kuma aiko a karɓa ba. Kowace Lahadi da yamma, daidai lokacin da suke gutsura gurasa a can sama, nakan zuba faten wake in ɗora ɗan kifi, in sauka makabartar majema in zauna a ƙasa wajen kansa. In yi addu'ar da aka koya mana, in tsoma gurasa daga gefe. Sai in juya akushin, gefen kifin ya koma wajensa.